Mujallar girki ta waje ko littafin girkin gida?

Mujallun girki irin su Good Food ta Ingila (wadda a da ake kira BBC Good Food) suna da wani abu mai daraja: ana gwada kowane girki kafin a buga shi, kuma ana rubuta yawan gishiri, kitse da sukari a kowane kaso. Mai hawan jini ko ciwon sukari zai amfana da wannan sosai. Matsalar ita ce kayan haɗin: rabinsu ba ka samunsu a Kasuwar Rimi, wanda ka samu kuwa sai ya cinye kuɗin cefanen mako.

Littattafan girkin Hausa da ake sayarwa a Kano kayansu na ƙofar gida ne: zogale, rama, kuka, daddawa, acha, wake. Sai dai awonsu "ɗan kaɗan" ne, mai da dunƙule kuma ba a ƙayyade su. Ni dai na gida nake bi, in ɗauko awon gishiri da mai daga na waje.