Jar wuta a dashbod ɗin tsohuwar mota: kwan gwaji, mita ko altaneta, wanne za ka fara saya?

Motar da ta koya min karatun nan Marsandi ce 200, irin W123 ɗin nan da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, ta Baba ce Allah ya jiƙansa. Muna dawowa daga Gombe mun wuce Alkaleri kenan sai hoton batir ya fara ja-ja a dashbod, ba sosai ba, kamar garwashin da toka ta rufe, sai da magariba ta yi ma na gan shi da kyau. Washegari na kai ta gun wani mai wayarin a nan Bauchi, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce "Alhaji altaneta ce ta tafi, sai dai a sa wata." Na sayo aka ɗaura, wuta tana nan daram. Ashe bakin wani fis ne ya yi kore, da aka goge shi da samfefa shikenan magana ta ƙare.

Toh abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda kwan jar wutar nan ta dashbod yake aiki. Ƙafarsa ɗaya tana karɓar wuta daga makulli, ɗayar tana zuwa bayan altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, gun da aka rubuta D+. In ka murɗa ki inji bai tashi ba wuta tana bi ta cikinsa ta je ta farkar da altaneta, shi ya sa yake kamawa, in inji ya tashi caji ya fara sai ɓangarorin biyu su yi daidai ya mutu. Kaga kenan duk abin da ya rage wuta a ɓangare ɗaya, tsatsa ce, waya ce ta saki, dayod ɗin cikin altaneta ne ya ƙone, zai sa ya yi ja, ba lallai sai altaneta ta mutu ba.

Na'urar sikana da ake ta talla a waya, dan Allah kar ka ɓata kuɗinka. Soket ɗin da ake soka ta, wato OBD-II, sai 1996 ya zama dole a Amurka, a Turai kuma 2001 ga motocin fetur, ita Pijo 504 mai kafireto ko bitil ina za ka soka ta? Babu kwamfutar da za ta yi hira da ita.

Kwan gwaji shi ne mafi araha, kai da kanka ma za ka iya haɗawa da kwan mota mai volt 12 da waya biyu, ka maƙala ɗaya a bodi ka riƙa taɓa wuri da ɗayar. Amfaninsa yana jan wuta, saboda haka waya mai tsatsa ba ta iya yi masa ƙarya, sai ka ga haskensa ya dushe. Matsalarsa dai ba ya faɗa maka nawa ne, akwai ko babu kawai.

Ita mita, wato ta auna wuta, nan ne ake samun lamba. Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba zai nuna wajen volt 12.6, in ya sauko 12.0 ya sha ƙasa sosai. Ka tada inji ka ɗan taka totur, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in yana nan a 12 da wani abu babu caji, in ya haura 15 kuma regileta, mai daidaita ƙarfin caji, ce ta haukace tana dafa maka batir, har za ka ji yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙaramar mitar nan rawaya ta masu gyaran rediyo ta isa, sai dai igiyoyinta ba su da ƙwari suna tsinkewa daga ciki, kuma in batirinta ya yi sanyi takan ba da lambar banza. Ni shawarata ka haɗa biyun, duka kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin altaneta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gwajin nan na cire kan batir inji yana aiki wai a ga ko motar za ta mutu, yana iya ƙona dayod da regileta, kar ka bari a yi maka.

In mita ta tabbatar babu caji, fara da fambel, ka danna shi da babban yatsa ka ji. Sannan ka duba ko kwan dashbod ɗin ma yana kamawa in an murɗa ki, don in ya ƙone altaneta na iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa ban son a sa kwan LED a gurbin, ba ya jan wutar da za ta farkar da ita sai an ƙara masa razista. Ka nemi ɗan ƙaramin kwan asali irin wanda ka cire.

Sai maganar altaneta ɗin kanta. A Bosch ɗin Marsandi regileta da burushi haɗe suke a baya, sukuru biyu ne kawai, sau da yawa burushin ne ya cinye, ka canza wannan ɗan abin ka huta. Wannan shi ne zaɓina na farko, a gyara ta asali. Na biyu ta Beljiyam, tana da ƙarko amma sa'a ce, kar ka biya sai an ɗaura an gwada da mita a gabanka, ka kuma kwatanta fule da kunnuwan ɗauri da taka. Sabuwa a kwali ita ce ta ƙarshe a guna, tana ƙyalli amma ka ɗaga ta ka ɗaga tsohuwar ka ji bambancin nauyi, tagullar ce aka rage.

Fis ɗin Marsandi irin dogayen nan ne masu tsini biyu, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25, ka sa kala da kala, ka nemi masu jikin tangaran don na roba suna narkewa. Masu naɗe fis da takardar sigari kuma, Allah ya shirya.

Mai bitil fa kar ya ce bari in lallaɓa zuwa gida, belin da yake juya janareta shi yake juya fankar da ke sanyaya inji, in wutar caji ta kama a tsaya nan take a buɗe baya a duba. Haka wutar baƙin mai a Pijo, kashe inji tukuna ka zaro sanda ka ga mai, sannan ka cire wayar da ke kan suwic ɗin mai ka murɗa ki, in wutar tana nan to wayar ce take taɓa bodi a wani wuri, in ta mutu ko dai suwic ne ko kuma da gaske man ba ya hawa, a nan sai bakanike ya ɗaura agogon gwajin hawan mai kafin ka sake tada ta.