Naɗin koyil ko sayen sabo: shawara ga wanda injinsa ya ƙone

A yankin Kura da Kadawa da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, da wuya a wuce mako ba a ji labarin injin lantarkin da ya ƙone ba, ko na ban ruwa ko na casar shinkafa. Mai irin wannan asara zaɓi uku ne a gabansa: ya kai a sake naɗa koyil, ya sayi sabo, ko ya nemi na hannu.

Ni dai ina bayan gyara, matuƙar injin tsohon ƙira ne mai gangar ƙarfen zubi, irin wanda sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu. Abin da ke ƙonewa a cikinsa waya ce kawai, kuma sau da yawa ba laifinsa ba ne: injin mai layi uku, wanda ke aiki da wuta mai ƙarfin volt 415, idan layi ɗaya ya ɗauke, sauran biyun ne ke ɗaukar nauyin har su gasu. Idan ganga ba ta tsage ba, sandar tsakiya ba ta lanƙwashe ba, kuma faifayen ƙarfen da ake naɗa wayar a cikinsu ba su narke ba, to sabon naɗi da sababbin boris, wato zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsu, za su mayar da shi bakin aiki na shekaru. Haka famfon da yake juyawa: yashi ne ke cinye fankar ciki da abin da ke tare yoyo, kuma duka biyun ana canza su. Ma'aunina shi ne, idan kuɗin gyara bai wuce rabin kuɗin sabo nagari ba, gyara ya fi.

Sabo mai araha kuwa fenti ne da takarda. Za a rubuta ƙarfin doki goma a jikinsa, amma da an ɗora masa kaya sai ya ɗauki zafi. Na hannu sayen kifi ne a ruwa. Inda kawai nake cewa a sayi sabo shi ne ƙaramin famfon cikin rijiyar burtsatse, domin wahalar fito da shi da mayar da shi ta fi ƙarfin gwaji.

Sai dai duk alherin gyara yana hannun mai naɗi, kuma a nan ne na taɓa ƙonewa. Wata shekara, ana tsakiyar casa, na kai injina wurin wani mai naɗi a birni, na biya kuɗin jan ƙarfe cif. Bai yi wata biyu ba ya sake tashi da hayaƙi, manoma na zaune a kan buhunansu suna jira. Da wani dattijon mai gyara ya buɗe, sai ya kankare wayar da wuƙa ya miƙo mini, ya ce, “Alhaji, duba da idonka.” Cikinta fari fat: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Irin wannan waya kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka take iya ɗauka, saboda haka dole ta yi zafi.

Tun daga ranar ba na barin a fara naɗi sai na kankare wayar da hannuna. Ina sa a auna nauyin tsohuwar wayar da aka cire a gabana, a kwatanta da sabuwar, domin alminiyom bai kai rabin nauyin jan ƙarfe ba, kuma wasu kan rage kaurin waya ko yawan zagaye su ci ribar bambancin. A lura da yadda ake cire tsohon koyil. Wanda ya jefa injin cikin wutar itace ko taya ya lalata rufin da ke tsakanin faifayen ƙarfe, kuma injin zai riƙa zafi har abada ko da wayar ta gaske ce. Bayan naɗi wajibi ne a tsoma shi a banish a gasa har ya bushe, ba a shanya shi a rana na awa ɗaya ba. Boris ma jabunsa ya cika kasuwa, cikin kwalaye masu ɗauke da sunan SKF da sauran manyan kamfanoni, don haka a saya wurin dillalin da aka sani. Kafin a biya cikon kuɗi, a kunna injin a shagon, a auna wutar da kowane layi ke ja, a ga ukun sun zo daidai kuma ba su haura abin da ke rubuce a jikinsa ba.