Hattara da masu sayar da tsohuwar sarƙar keke da sunan sabuwa

Jama'a masu hawa keke, da iyayen da 'ya'yansu ke zuwa makaranta a kai, a yi hattara. Akwai masu tsinto tsofaffin sarƙoƙi daga kekunan gwanjo, su jiƙa su a kananzir, su goge tsatsar da burushi, su jona guntun wannan da na waccan, su shafa mai, sannan su zuba a leda mai tambarin KMC ko Shimano su ce sabuwa ce dal. Wasu a rumfa suke, wasu kuma hoto kawai suke sakawa a WhatsApp da Facebook, farashi ƙasa da na kasuwa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne abin da ke biyo baya. Ba a jima ba sarƙar za ta fara tsalle a kan haƙora, ko ta zame yaro yana tsakiyar titi. Ka koma, sai a ce maka ai tsawo ta yi, kawo kuɗi a rage gaɓa ɗaya. Wannan cuta ce ta biyu. Sarƙar da ta saki, ƙusoshinta ne suka cinye, kuma rage gaɓa ba ya dawo da su. Ita dai za ta ci gaba da cin haƙoran firiwil, wato farantin da take ja a tayar baya, har su yi tsini kamar ƙaya, ka sake sayen wani.

Gane ta ba wuya. Tsakanin kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ne. Ka miƙar da sarƙar sosai, ka ɗora rula daga tsakiyar wata ƙusa. Idan sabuwa ce, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta zarce da 1/16 na inci, an ci moriyarta. Ta kai 1/8 kuwa, ta gama aiki. Rular ƙarfe ta fi, domin tef ɗin tela yakan miƙe. Ka kuma bi ta gaɓa-gaɓa da ido, inda aka jona za ka ga launi ya bambanta, ko kan ƙusa ya baje saboda dukan guduma.

Sabuwa ta gaskiya takan zo da gaɓa 114 ko 116, ta fi abin da yawancin kekuna ke buƙata, don haka dole a yanke. Wadda aka ce maka ta zo daidai kekenka tun daga leda, ka yi shakkarta. A keke mai giya, ana zagaya ta kan faranti mafi girma na gaba da mafi girma na baya, ba tare da ta bi ta hannun giyar (ƙarfen da ke sauya mata faranti a baya) ba, a ƙara inci ɗaya a yanke. A marar giya irin Phoenix, a bar mata ɗan sassauci kamar rabin inci sama da ƙasa. Ka tsaya a yanke a gabanka, ka karɓi ragowar, kuma kada ka tura wa kowa kuɗi kafin rula ta hau kanta.