Gini a Kan Tsoffin Ramukan Kuza: Falen Kankare ko Ɗura Siminti?

Masu sayen fili a Bukuru da Barikin Ladi sun sha tambayata: a zuba harsashi falen kankare guda, ko a fara cike ramukan ƙarƙashin ƙasa da ruwan siminti?

Falen kankare mai rodi sama da ƙasa yana ɗaure gidan wuri ɗaya. Idan ƙasa ta ɗan lotsa, ginin kan karkata ne gaba ɗaya maimakon bango ya tsage. Kuɗinsa sananne ne tun farko, ƙwararren magini kuma zai iya. Amma ramin yana nan, babban ruftawa kuwa ba ruwansa da rodi.

Ɗura siminti cutar yake bi har tushe. Ana huda ƙasa kamar haƙar burtsatse, a tura siminti da yashi har kogon ya cika. Abin da ke damuna shi ne yawancin ramukan masu haƙa da hannu ba su da taswira, ba wanda zai faɗa maka buhu nawa za su sha.

Mai ƙaramin gida, inda gwajin ƙasa ya nuna ramin ƙarami ne kuma yana can ƙasa da nisa, falen ya ishe shi. Mai bene, makaranta ko masallacin Juma'a a kan rami na kusa da saman ƙasa, ya ɗura tukuna.