Kunshin sautin tsofaffin rok da na saya daga Ngaundere: wata huɗu ina kiɗa da shi

Fiyanona Yamaha PSR-S970 ne, na hannu, kuma shekara biyar ke nan da shi nake cefane. Yawancin aikina na biki ne, kamar kowane mai fiyano a Garwa, arewacin Kamaru: kamu, wuni, suna, wani lokacin taron 'yan siyasa. Amma duk daren Asabar mu biyar muna hawa dandamali a wani otal da ke wajen unguwar Filato, mu kaɗa tsofaffin waƙoƙin rok na shekarun 1970 da 1980. Ba mu da waƙar kanmu ko ɗaya, na mutane muke maimaitawa. Masu sauraronmu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi karatu a Yawunde, da mutanen kamfanin auduga, da 'yan kudu da aiki ya kawo arewa, sai Turawa biyu ko uku. Waɗannan mutane tun zamanin kaset suka haddace waƙoƙin. Idan ka danna sautin farko suka ji ba shi ba ne, ba wanda zai yi maka ihu. Kansu kawai za su mayar kan gasasshen giwan ruwansu, kai kuma ka ƙarasa waƙar kai kaɗai.

Wannan rashin ɗago kai ne ya sa na sayi kunshin da zan yi magana a kansa. A zauren WhatsApp na masu fiyano na ji labarin wani yaro mai sitidiyo a Ngaundere da ke haɗa sautuka yana sayarwa. Sauti arba'in, kowanne da sunan waƙar da aka yi shi dominta, sefa dubu 30. Na tura masa kuɗin ta Orange Money, ya ce in fitar da fayil ɗin bayanin fiyanona in aika masa, domin da shi manhajar Yamaha Expansion Manager take gane na'urar da za a zuba wa kaya. Bayan kwana uku filashi ya iso a motar safe, an naɗe shi a cikin ambulan kamar laya.

Ga kuskuren farko, kuma nasa ne. Bai gaya mini cewa zuba sabon kunshi yana share duk abin da ke cikin rumbun ƙarin sauti ba. Na zuba, na kunna, sai na tarar kalanguna da kotsona da duk gangunan da nake bikin mutane da su sun tafi, ga shi ina da kamu ranar Alhamis. Na kira shi raina a ɓace. Ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauka ka sani, yi haƙuri, turo mini tsohon kunshin in haɗa maka su wuri guda." Sa'ar da na yi ina da kwafi. Ya haɗa, bai karɓi ko dala ba, ya kuma biya kuɗin mota. Na riƙe masa wannan a matsayin kirki. Duk wanda zai zuba irin wannan kaya, ya ajiye kwafin nasa tukuna, kuma ya yi zubin a inda wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba. Ni a shagon wani abokina mai sola na yi.

Inda kunshin ya ci kuɗinsa shi ne sautukan sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, irin waɗanda ke tashi kamar kakaki a ƙofar fadar Lamido. Waƙar "Jump" ta Van Halen, wadda ke cikin faifansu mai suna 1984, da na'urar Oberheim OB-Xa aka kaɗa ta. Sirrin kaurin sautin shi ne kowace murya tana da injin sauti biyu, a ɗan karkatar da ɗaya kaɗan daga ɗayan, sai su riƙa gogayya. Wanda ya taɓa jin masu algaita biyu suna busa abu ɗaya, amma bakinsu bai zo daidai ɗari bisa ɗari ba, ya san wannan kaurin. Shekara biyu ina ƙoƙarin samunsa da sautukan da suka zo da fiyano, kullum sai ya fito siriri. Na yaron nan kuwa, daren da na fara danna shi wani dattijo da ke zama a tebur na biyu ya ajiye cokali ya juyo da kujerarsa. Haka ma na "The Final Countdown" ta Europe ta 1986, wadda a ƙasar nan har wanda bai san sunanta ba ya san busarta. Asalinta Roland JX-8P ne aka ɗora shi kan Yamaha TX816, kuma yaron ya gane cewa sauti biyu ne: ɗaya mai taushi a ƙasa, ɗaya mai kaifi a bakin kowane dannawa. Ya haɗa su daidai.

Fiyanon lantarki irin na sintesaizar Yamaha DX7 shi ma ya yi kyau, mai ƙara kamar an buga gilashi da farce. DX7 ya fito a 1983, kuma sautin nan nasa ya cika waƙoƙin soyayya na shekarun 1980 har ya gundiri mutane. A kunshin an ɗauke shi a matakai da yawa, idan ka taɓa a hankali ya yi laushi, idan ka doka ya yi ƙara. Na Rhodes, wani tsohon fiyanon lantarki, bai kai shi ba. Rhodes na gaske guduma ce ke dukan ɗan siririn ƙarfe, idan ka matsa masa sai ya yi wani haushi. Na kunshin ko ka hau shi da gwiwar hannu ladabinsa ɗaya. Sautin goge irin na tsohuwar na'urar Mellotron ba laifi, ina amfani da shi a waƙa ɗaya.

Sai ogan. A nan ne na yi fushi, kuma a nan ne na koyi abin da ya fi kuɗin da na biya.

Sauti tara cikin arba'in ɗin na ogan ne, kowanne da suna mai daɗi. A hedifon, idan ka riƙe haƙorin fiyano ɗaya, sai ka rantse ogan ɗin Hammond na gaske ne a ɗakin. Da ka haɗa uku ko huɗu, sai abin ya rikice kamar kasuwar garin Pitowa ranar Lahadi. Na daɗe ban gane dalili ba, sai da na zauna na karanta yadda na'urar asali take aiki. Hammond, wanda Laurens Hammond ya fitar a 1935, ba ya ɗauke da sautin da aka naɗa. A cikin samfurinsa na B-3 akwai ƙafafun ƙarfe 91 masu haƙora suna juyawa a gaban maganaɗisu, kowanne yana ba da murya guda. Mai kiɗa yana da sanduna tara da yake ja, kowace daga 0 zuwa 8, da su yake gauraya muryoyin. Daga nan sautin ya shiga akwatin Leslie, wanda a cikinsa ƙaho ke juyawa a sama, ganga kuma a ƙasa. Juyawar ce ke sa sautin ya riƙa zuwa yana komawa, kamar hon ɗin mashin da ya wuce ka a guje a kan gadar Binuwai: yana tahowa muryarsa a sama, yana wucewa ta faɗi. Akwatin yana da gudu biyu, na a hankali da na sauri, kuma daɗin duka yana tsakaninsu ne, lokacin da ƙaho mara nauyi ya riga ya ɗauki gudu, ganga mai nauyi tana biye da shi a baya.

To shi yaron abin da ya yi, ya naɗi ogan tare da juyawar Leslie a jikinsa. Kowane haƙori da nasa juyin, ya fara a lokacin da ka danna shi. Haƙori huɗu, akwati huɗu ke nan kowanne yana juya son ransa, alhali a na gaske akwati ɗaya ne ke juya dukan sautin. Ga shi kuma ba halin sauya gudu, wanda shi ne rabin kiɗan. Ƙari a kan haka ya bar sautin yana amsa ƙarfin yatsa, alhali Hammond bai san ka taɓa a hankali ko ka doka ba, da ƙafa ake ƙara masa murya. Na yi masa bayanin nan duka a saƙon murya na minti shida. Ya amsa da, "Yaya, ai haka na same su." Daga nan na gane ba shi ya naɗe su ba, tattaro su ya yi.

Maganin ashe yana cikin fiyanona tun ranar da na saye shi. Akwai sashen Organ Flutes mai sanduna tara a kan allo, wanda shekara biyar ban taɓa buɗe shi da niyya ba. Na ja uku na farko zuwa 8 na bar sauran a 0, wato 888000000, saitin da masu ogan suka daɗe suna tashi daga kansa. Na ɗaura sauya gudun juyi a kan feda. Na ƙara masa ɗan ƙuna, saboda Jon Lord na Deep Purple ta cikin amfilifayar jita ta Marshall ya riƙa fitar da Hammond ɗinsa, shi ya sa ogan ɗin ke gurnani kafaɗa da kafaɗa da jita. Daren da na gwada, mai jitarmu ya juyo a tsakiyar waƙa yana dariya. Sautuka taran nan na ogan da na biya kuɗinsu, tun ranar ban sake taɓa ko ɗaya ba.

A gefe guda, karatun nan ya warkar da ni daga mafarkin mallakar Hammond na gaske. Da bencinsa da fedojinsa ya kusa kilo 200, ni kuwa a bayan mashin nake kai kayana. Sannan injin da ke juya ƙafafun nan da bugun wutar lantarki yake tafiya, idan janareta ta yi tangal-tangal muryar ogan ɗin gaba ɗaya sai ta sauka ko ta hau. A watan Afrilu a Garwa, da zafi ya haura 40 wuta tana wasan ɓuya, da mun sha kunya.

Wata matsalar kuma ta shafi kunshin gaba ɗaya: a ɗakin sitidiyo aka gyara shi, don kunne biyu a cikin hedifon, ba don zauren otal mai tayil da rufin kwano ba. Kowane sauti an cika masa eko. A zaurenmu da shi kansa yake amsa-kuwwa, sai komai ya zama kunu. Na rage eko zuwa ƙasa da rabi a kusan duka. Sannan lasifikokin otal ɗin a mono aka haɗa su, wato hagu da dama a hanya ɗaya, kuma wasu sautukan da aka baza hagu da dama da yawa, da an matse su waje guda sai su cinye juna su rame. Biyu daga cikin masu kaurin nan sai da na cire musu abin da ke baza su kafin suka dawo da jikinsu. Yanzu da waya ɗaya nake fita, ta ramin L/L+R, kuma a haka nake gwada kowane sauti a gida don kada in yaudari kaina.

Akwai kuma rigimata da mai bes ɗinmu, wanda shi ne babba a cikinmu, tun ina yaro yake kiɗa. Sautukan kunshin suna da nauyi a ƙasa sosai, ni kuma na saba da kiɗan biki inda hannun hagu ke riƙe komai. A gwaji na biyu ya tsayar da waƙa ya ce, "Yaro, ɗauke hannun hagunka daga gonata." Na ce, "To, Kawu." Na yanke ƙasan sautukan, na raba haƙoran fiyano biyu, hagu ya koma riƙe goge mara nauyi ko ya zauna a kan cinya. Haƙora 61 ne kawai, saboda haka duk waƙar da ke son sauti uku sai ka zauna da takarda ka tsara inda kowanne zai fara da inda zai ƙare.

Ƙarfin muryoyin ma ba daidai yake ba. Ka tashi daga fiyano mai laushi ka faɗa kakakin da zai sa mai mikisa ya zabura. Dare uku na yi ina daidaita su ɗaya bayan ɗaya, ina ajiye su a maɓallan Registration guda takwas bisa jerin da muke bi a dandamali, banki ɗaya, wato rukunin maɓallan takwas, ga kowace waƙa. Jerin sautukan da yaron ya turo bisa haruffa ya tsara shi, wanda ke nuna bai taɓa neman sauti a cikin duhu ba alhali mai ganga ya riga ya ƙirga huɗu.

Cikin arba'in, goma sha ɗaya nake amfani da su kowane mako. Shida daga ciki ba zan iya haɗa irinsu da kaina ba ko da na shekara ina gwadawa, kuma su kaɗai sun mayar mini da dubu 30 ɗina, don mai otal ya ƙara mana daren Juma'a tun watan jiya. Wanda ƙungiyarsa ta fi kaɗa waƙoƙin shekarun 1980 masu sintesaiza, ya saya, amma ya ware mako guda na gyara kafin ya hau dandamali da shi. Wanda ogan yake nema, ya riƙe kuɗinsa ya sayi feda mai kyau, ya buɗe sandunan da ke cikin fiyanonsa. Mai kiɗan biki zalla kuwa ba abin da zai tsinta a ciki.

Na ce wa yaron ya raba kunshin biyu, ya sayar da na sintesaiza shi kaɗai a rabin kuɗi, ya zubar da na ogan. Ya ce zai duba. Ya kuma yi alkawarin turo mini Rhodes mai haushi kafin bikin kiɗa na 21 ga Yuni, da za mu yi wasa a fili. Jiya na tuna masa, ya turo hoton hannu biyu a haɗe, filashi dai bai iso ba tukuna.