Ruwan KOH ko jel ɗin PVA? Amsa ga ƙanwarmu mai furojet a Samaru

Ƙanwata na ga tambayarki, wai sufakafasitar da kike haɗawa (na'urar adana cajin lantarki) ki zuba mata ruwan KOH (sinadarin fotasiyam haidiroksaid) kai tsaye ne ko ki dama shi da PVA (wani folima, wato sinadari mai dogayen zare, da ke narkewa a ruwa) ya zama haidirojel, wato jel mai riƙe ruwa.

In dai gudun ayon (ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da caji) ake magana ruwan KOH ya fi, babu musu. KOH mai kaurin mola 6 yana kai wajen 600 mS/cm (ma'aunin sauƙin wucewar lantarki), jel ɗin PVA kuwa yawanci ko 100 ba ya kaiwa, saboda ruwan yana maƙale ne tsakanin zaren folima, ayon sai ya zama kamar ɗan acaɓa a lungunan cikin Birni, zai isa amma sai ya sha kwana. Abin da ke ceton jel shi ne ayon H+ na asid da OH- na KOH ba sa jan jiki su yi tafiyar duka, tsalle ake yi daga ƙwayar ruwa zuwa ta gaba, irin wanda masanin kimiyya Grotthuss ya bayyana tun 1806, shi ya sa jel na asid ko na KOH ya fi na gishiri irin Na2SO4 gudu.

Wajen bolt ɗin da na'urar za ta iya ɗauka kunnen doki ne, duk biyun ruwa ne kuma ruwa yana fara rabuwa zuwa iskar haidirojin da oksijin a 1.23 V, ki tsaya wajen 1 V.

Inda jel ya yi fintinkau: ba ya zuba, yana lanƙwasuwa, kuma shi da kansa yake raba elektirod biyu (ɓangarorin gawayin da caji ke taruwa a kansu) kar su haɗu. Sai dai ba ya shiga ƙananan ramukan gawayin elektirod kamar ruwa, don haka ki shafa shi tun yana da ruwa-ruwa ki bari ya ratsa kafin ya daskare.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne hunturunmu na Zariya. Iskar Disamba da Janairu tana tsotse ruwan jel, in ya bushe hanyar ayon ta toshe, juriyar lantarki ta hau, ki zata gawayinki ne ba kyau alhali jel ne ya ƙame. Ki ɗan sa gilisarin (zai rage gudu kaɗan amma yana riƙe ruwa), ki like na'urar sosai, ki riƙa auna nauyin jel ɗin kafin kowane gwajin EIS (gwajin auna juriyar na'urar) don ki gane ko ya fara bushewa.

Ni dai da ni ce, da ruwa zan fara gwada gawayin in san asalin ƙarfinsa, sannan in koma jel wajen haɗa na'urar da za ki nuna ranar difens.