Asibitin da ya duba mana matsalar jinkirin al'ada a Gombe, ga yadda na gan su

Masu tambayata kan asibitin kuɗin nan na yara da ke GRA a Gombe, gaskiya likitar wajen ta san aikinta, saura kuma sai haƙuri. 'Yar yayata muka kai, shekararta 15 ba ta fara al'ada ba, ƙirjin ma da ƙyar ya fara, ga ta siririya, a gida kowa da nasa maganin, wannan ta ce a ba ta sha ka fashe waccan ta ce iska ce.

Abin da ya burge ni ba ta yi saurin rubuta magani ba. Ta auna tsawo da nauyi, ta tambayi shekarun da uwar ta fara nata, ta tambayi ko akwai sikila don ita ma tana jawo jinkiri, sannan ta juya wajen yarinyar ta ce 'yata me kike ci tun safe har dare? Nan muka ji ashe ba ta karyawa sam, sai shayi ruwa-ruwa, a makaranta kuma biskit da lemon kwalba. Ta ɗauko takarda ta zana mana cewa balaga daga ƙwaƙwalwa take farawa, akwai wani waje can ƙasanta da ke sakin sinadarin GnRH kaɗan-kaɗan lokaci bayan lokaci, shi ke tada wani ɗan ƙullutu kusa da shi ya saki sinadaran LH da FSH, su kuma su bi jini su je su tada ma'ajiyar ƙwan mace ta fara yin estrojin, sinadarin da ke kawo alamun balagar mace. To amma ƙwaƙwalwar ba ta ba da izini sai ta ji jiki na da ajiya, kitsen jiki ne ke aika mata labari ta sinadarin leptin, kamar dai maigidan da ba zai sa ranar biki ba sai ya leƙa rumbu. Shi ya sa yarinyar da ba ta ƙoshi take jinkiri, mai ƙiba sosai kuma sau da yawa takan fara da wuri. Ta ce mata kan fara alamu tsakanin shekara 8 zuwa 13, maza 9 zuwa 14.

Sha ka fashe kuwa ta hana mu da babbar murya, ta ce yawanci akwai wani magani mai ƙarfi, dexamethasone, a ciki, fuska ta kumbura a zata ƙiba ce alhali yana iya tsayar da tsawon yaro, wallahi jikina ya yi sanyi don na san gidaje da yawa a Pantami da ake ba 'yan mata shi.

Inda suka gaza shi ne jira, mun zauna tun hantsi har aka kira azahar, mai ba da kati kuma fuska ba annuri, gwajin jinin ma da tsada kuma ba a nan suke yi ba, aikawa suke. An ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu a ga shekarun ƙashi, ya nuna tana baya kaɗan, jininta ma ya yi ƙasa. Aka sa ta kan maganin ƙarin jini da wake, ƙwai, awara, zogale, hanta da fura da nono, aka ce mu dawo a sake auna ta. In za ku je ku yi sammako, ku tafi da uwar yarinyar don tambayoyin da yawa ita kaɗai za ta iya amsawa.